Ƙafafun Baba Kaɗai Kyamarar Ta Ɗauka

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, Baba ya riga mu tafiya. Tun ranar da muka kai shi makwancinsa nake maimaita wannan kalma, har bakina ya saba, ina faɗa ban san na faɗa ba. Na gaji. Zaman makoki wata irin gajiya gare shi. Kana zaune a kan tabarma ba ka ɗaga ko tsinke ba, amma kafin magariba sai ka ji kamar buhunan gero ka yini saukewa daga mota.

Masu gaisuwa sun cika ƙofar gidanmu a Maigatari. Maƙwabta da 'yan masallaci dattijo mai ɗingishi suka sani, manomin gero da riɗi, wanda ba ya rasa sahun gaba duk da ƙafar tasa. Su maganarsu ɗaya ce, mutum ne mai haƙuri, ba shi da abokin faɗa, Allah ya sa ya huta. Sai kuma ga wasu tsofaffi suna ta sauka daga bayan babura, wasu daga Gagarawa, wasu daga Sule Tankarkar, wasu daga ƙauyukan tsallaken iyaka. Wuyansu kauri, yatsunsu a karkace, da ƙyar suke durƙusawa. Su ba sa cewa Malam. Kututture suke ce masa, sunan da makaɗa suka sa masa a fagen kokawa tun kafin a haife ni. Ɗaya daga cikinsu ya ja hannuna ya ɗora a kafaɗarsa don in ji yadda ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta, ya ce aikin mahaifina ne. Yana faɗa yana dariya, sai dariyar ta juye masa, ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.

Babba a cikinsu shi ne wanda muke kira Baffan Tsallake. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini. Abokin karawarsa ne daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram, sun yi ta kama juna suna samari har suka koma aminai. A maƙabarta, da aka kwantar da Baba a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, tsohon nan ya leƙa ramin ya ce, ba da ƙarfi ba, ko a nan ma bayansa bai taɓa ƙasa ba. Liman ya harare shi. Shi ko a jikinsa.

Kusan duk cikinsu ba wanda ya tashi tafiya bai tambaye ni fim ɗin ba. Yaushe za a nuna, a ina za a nuna, su ma suna ciki ko na yanke su. Ina ta ce musu in Allah ya yarda. Abin da ban iya yi musu bayani a kan tabarma ba shi ne nake son rubutawa a nan, don kada in wayi gari in tarar ni ma na fara mantawa.

Ni mai ɗaukar bidiyo ne a Gumel. Biki, suna, walimar saukar karatu, taron 'yan siyasa, duk inda aka kira ni ina zuwa. Na ɗauki iyayen mutane ba adadi. Suna gyara hula, suna washe baki, wani ma sai ya ce in sake ɗauka don bai ji daɗin yadda ya yi tari ba. Ni kuwa nawa uban ko hotonsa na samartaka babu. Walkin fatar da yake ɗaurawa a fage tuni ya yanka shi ya ɗinke guga, layunsa da kambunansa kuwa an ce rami ya haƙa a gona ya binne su ranar da ya bar harkar. Mutumin da aka yi wa kiɗa daga nan har Damagaram, ba abin da ya rage nasa sai abin da ke bakin tsofaffi, su kuma kullum raguwa suke. Shi ya sa na ƙudurta zan yi fim na gaskiya a kansa, irin wanda ba a shirya wa kowa abin da zai faɗa. Abu ɗaya nake nema a ciki: Baba ya zauna ya faɗi labarinsa da bakinsa, in ji da kunnena.

Matsalar ita ce ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da nake nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Kai ne, ko yaron nan, da na fara sana'a kuma na koma mai hoton nan. Inna ma haka, in za ta aike ni sai ta gaya wa bango ko ta gaya wa ƙannena. Ana yaye ni aka kai ni Ɗanzomo wajen kakata, can na girma. In na zo gaishe shi na durƙusa, sai ya kalli gefe, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwa, shi ke nan an gama. Autarmu kuwa, wadda yanzu matar aure ce da 'ya'yanta, har ya bar duniya in ta zo a kan buzunsa take zama, ta sa hannu a aljihunsa ta ɗauki goro, ya yi ta dariya yana ce mata ɓarauniya. Ban ce ba ya ƙaunata ba. Na san kunyar ɗan fari ce, na san haka aka yi masa shi ma. Amma wallahi sanin al'ada bai taɓa hana ni jin zafin abin ba.

Abin da na sani game da shi daga nesa na tsinto. Baba ba ya fara kallon fuskar mutum, ƙafarsa yake kallo. Baƙo zai yi sallama, kafin ya amsa ya riga ya ga yadda ya dasa dunduniya. Ranar da mijin Auta ya fara zuwa gaisuwa, muna ta maganar aikinsa da danginsa, Baba ya ce shi dai ya ga yaron yana tsayawa a kan ƙafa biyu, ba ya jingina, a ba shi. In an je kara sayen shanun noma, dillalai suna buɗe baki suna duba haƙori, shi yana can ƙasa yana shafa kofato. In yaro ya zo masa da ƙorafin an fi ƙarfinsa, ba ya cewa komai sai, "Ƙafa dai, gyara ƙafa."

Yana da wata ɗabi'a kuma da ya taho da ita daga fage. A kokawa in ka kayar da mutum, kai za ka miƙa masa hannu ka tashe shi, ka kakkaɓe masa ƙasar baya kafin ka je wajen makaɗa. Baba ya bar kokawa amma bai bar wannan ba. Ina tare da shi wata ranar kasuwa aka kama wani bawan Allah ya ɗebi gero a buhun mutane, samari suka yi masa ca, suka kai shi ƙasa. Baba ya ratsa su da ɗingishinsa bai yi wa kowa tsawa ba. Ya kama hannun mutumin ya tashe shi, ya juya shi ya shiga kakkaɓe masa baya a tsanake, kamar ba kowa a wurin. Samarin suka tsaya suna kallo, ɗaya bayan ɗaya suka yar da sandunansu. Ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya ci gaba da taya buhun da yake tayawa.

Da na fara aikin fim ɗin, tsofaffin na fara bi. Na sha rana a kan babur, na sha faci a hanyar Gagarawa, na kwana a zauren mutane. Su kam ba sa gajiya da magana. Wannan ya ce Kututture ba ya kai hari, tsayawa yake kawai har ka gaji da kanka. Wancan ya ce in ya dasa ƙafa sai dai ka kira shanu. Suka ba ni labarin kaye iri-iri, wasu na san ƙari ne. Amma duk wanda na tambaya me ya sa ya bari yana tsakiyar ƙarfinsa, sai ya hau gyaran murya. Wani ya ce tsufa ya sa ya manta. Wani ya ce wannan kuwa sai dai mahaifinka. A gida abin da aka gaya mana tun muna yara shi ne daga amalanke ya faɗo, ƙugunsa ya goce, shi ne ɗingishin. Na sa Auta ta tambayi Inna, amsar da ta dawo da ita ke nan, amalanke.

Shi kuwa gogan, na kafa masa kyamara ya fi a ƙirga. Ba ya hana ni. Zai zauna, ya gyara riga, ya juya min gefen fuska. In na ce Baba a ba mu labarin fage, sai ya ce ko an yi ruwa a Gumel. In na ce wa ya koya masa kokawa, sai ya ce tsutsa ta fara cin geron gabas. Na kawo abokina ya yi tambayoyin, ni ina bayan kyamara, duk ɗaya, tunda yana ganin inuwata a wurin. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Na tara hotunan kunnen Baba na hagu da za su ishi mutum kallo har ya yi barci.

Ranar da muka saɓa, daga wani biki nake, na yini a tsaye, ban ci komai ba. Na kafa kyamara na durƙusa na tambaye shi kai tsaye, me ya sa ya bar kokawa. Sai ya ɗaga murya ya tambayi Auta ko an ba mai hoton nan abinci. Nan raina ya ɓaci. Na ce masa na ɗauki iyayen mutane sun yi min magana kamar ɗansu, na ce masu sayar da goro a tasha sun fi ni sanin ubana, na ce in ta Allah ta kasance me zan gaya wa 'ya'yana. Gidan ya yi tsit, har matar da ke daka a maƙwabta ta tsaya. Ranar ce ya fara kallona ido cikin ido.

"Kashe abin nan," ya ce.

Ya ɗauki buta ya nufi masallaci, alhali ko kiran farko ba a yi ba. Ni ma na naɗe kayana. Duk ranin nan ban taka Maigatari ba, sai dai in aika da gaisuwa da ɗan abin miya ta hannun Auta. Har yau ban ce ba ni da gaskiya ba. Muryar ce dai ta yi yawa.

Da damina ta faɗi ƙafafunsa suka fara kumbura. Aka kawo shi asibiti a Gumel, likita ya ce zuciya ce ta gaji, a rage masa gishiri da aikin gona. Na je na gaishe shi, ya tambaye ni hanya, alhali daga bayan asibitin na fito. Ba mu tayar da maganar ba. Bayan ya koma gida da 'yan makonni sai Auta ta kira ni a waya.

"Yaya, Baba ya ce ka zo da abin naka ran kasuwa. Baffan Tsallake zai shigo. Ya ce ka kafa shi ka tafi."

Na hau yi mata bayani ba haka ake fim ba. Wa zai yi tambaya, wa zai gyara hoto in rana ta juya, wa zai duba batir. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Yaya, ka kafa ka tafi kawai."

Na je. Na tarar an shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, su biyu sun jingina da bango. Baffan Tsallake yana ta yi wa Baba tsiya, wai lokotoro, likita ke nan a bakin mutanen tsallake, ya hana Kututture gishiri, saura a hana shi numfashi. Na sauke ƙafafun kyamarar ƙasa daidai tsayin mutumin da ke zaune, na auna fuskokinsu suka cika hoton tsaf. Na zo na maƙala wa Baba ƙaramin makirfo a wuyan riga. Tunda nake ban taɓa kusantar ƙirjinsa haka ba, ina jin numfashinsa a bayan hannuna, shi kuma yana kallon awaki. Na danna, na fita. Na tafi kara na yi ta zagaye tsakanin shanu da manyan motoci ina ƙunƙuni, har aka yi la'asar.

Sai washegari da safe a shagona na buɗe abin da aka ɗauka. Da farko gaisuwa ce da fasa goro. Ana jin tashin babur ɗina, sai muryar Baba ta canza. Ban san muryar nan ba. Babba ce, sakakkiya, da dariya a cikinta. Yana zagin Baffan Tsallake zagin wasa, yana kwaikwayon makaɗi, har da yi wa kansa kirari. Na zauna baki buɗe. Can sai gardama ta kaure a kan yadda wani kamu ya kasance, wannan ya ce ta hagu ne, wancan ya ce ƙarya yake. Sai na ga Baba ya dafa bango. Mutumin da likita ya ce ya rage aiki, ya miƙe tsaye. Baffa ma ya miƙe. Kawunansu suka fice daga hoton, ƙirji ya fice, ba abin da ya rage sai wanduna a naɗe da ƙafafu huɗu a cikin rairayi. Kuma ba su sake zama ba. Hannu biyu na ɗora a ka. Ni na kafa kyamara don tsofaffi masu jinya, ashe 'yan kokawa na bari a gidan.

Har na kai hannu zan rufe, sai na ji Baffan Tsallake ya ce wa Baba, to, ya faɗa wa tele ɗin, wato kyamarar, abin da ya shigar da shi fage ranar karawarsu ta ƙarshe, tunda don haka aka tara su.

Baba ya ce a shekarar nan gero bai yi ba. Inna ta haihu, haihuwar fari, gidan ko akuya babu. Surukai suka aiko a ba shi ragon suna, ya mayar, ya ce shi ba za a yanka wa ɗansa ragon wani ba. Ana cikin haka wani falken shanu ya ɗaure rago a fagen Maigatari, ya ce na wanda ya kayar da zakaran tsallake ne. Zakaran kuwa shi ne Baffa, ya fi Baba jiki nesa ba kusa ba. Kamun farko Baffa ya ɗaga shi ya murɗa, ƙugun dama ya yi ƙara, har makaɗa suka ji suka sassauta. Baffa ya karɓi labarin daga nan. Ya ce shi da kansa ya raɗa masa a kunne ya saki, ƙashi ya tafi, kada ya kashe kansa a kan rago.

"Me na ce maka?" in ji Baba.

"Ka ce akwai mai jiran suna a gida."

Sai ƙafafun nan suka shiga nuna yadda aka yi, a hankali, irin na tsofaffi. Ta hagu ta dasu a ƙasa ba ta motsi. Ta dama, kumburarriya, wadda na tashi ina gani ana ja, ta zagayo ta bayan dunduniyar Baffa ta maƙale. Da ƙafar da ta lalace ya taɗe shi. Baffa ya ce yana ƙasa yana kallon sama sai ga hannu an miƙo masa, aka tashe shi, aka kakkaɓe masa baya tas. Bayan nan ne Baba ya nemi ɗaga ƙafa ya kasa. A amalanke aka kai shi gida, shi da ragon.

Mai ɗori ya ɗaure shi ya ce kada ya tashi sai ƙashi ya kama. Safiyar suna Baba ya kwance karan ɗorin ya dogara sanda ya fito ƙofar gida, don ya ce ba za a raɗa wa ɗansa suna uban yana kwance ba. Ya tsaya aka yi addu'a, ya riƙe ragon aka yanka, ya tsaya har baƙi suka watse. Ƙashin ya kama a karkace. Daga nan bai ƙara shiga fage ba. Shi ya ce da mutanen gida su ce daga amalanke ya faɗo, ya kuma roƙi abokansa su kama bakinsu. Ya ce abin kunya ne a ji mutum ya karya kansa a kan ɗan fari, kuma ba ya son yaro ya tashi yana kallon ƙafarsa yana jin nauyi.

Ina zaune a shagon, masu adaidaita suna ta oda a waje, wani yana buga ƙofa yana neman bidiyon bikin ƙanwarsa. Ban tashi ba. Sai na ji Baffa yana tsokanarsa.

"To wane suna aka raɗa masa? Faɗi mana. Ai ba ya nan."

Ba a ji komai ba sai kukan kaza. Babban yatsan Baba ya shiga tona rairayi, ya tona, ya binne, ya sake tonawa. Ya daɗe a haka. Sannan ya faɗa. A hankali, sau ɗaya, cikakke, yadda liman yake faɗa ranar suna. Ina da furfura a gemu, ranar na fara jin sunana a bakin ubana, shi ma ta cikin na'ura.

Na kwana biyu ina shirya abin da zan ce masa. Na shirya godiya, na shirya ban-haƙuri, na shirya tambayoyi. Da na je na durƙusa duk suka gudu. Ya kalli gefe, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwa. Can ya ce, "Abin naka ya ɗauka?"

"Ya ɗauka, Baba. Amma ƙafafu kawai."

"To ai su ne," ya ce.

Iyakar maganar da muka yi a kai ke nan. Na matsa na kama ƙafar dama na ɗora a cinyata na shiga matsa masa kumburin. Na ɗauka zai janye. Bai janye ba, ya dai ci gaba da kallon awakinsa, ya kira Auta ya tambaye ta ko an ba mai hoton nan abinci. Daga ranar duk kasuwa ina zuwa, ba kyamara. In matsa ƙafa, ya yi zancen gona, in tafi. Bai kai ga yankan geron bana ba. A wajen wankan gawarsa ni na riƙe ƙafar, na ji ba ta da nauyin da nake zato.

Wani abokin sana'ata a Kano da na tura masa bidiyon ya ce ba wanda zai zauna kallon fim ba fuska, in nemi hotuna in lulluɓe wurin, in sa kiɗa. Na gaji da gyaran hoton mutane, wannan kam ba zan taɓa shi ba. Na gaya wa Baffan Tsallake gaskiya kafin ya koma, cewa ƙafafu ne kawai. Ya ce to da me nake tsammani suke gane juna, in kafa musu majigi bayan sadakar arba'in, ko daga bayan fili za su san nasa. Na yi masa alkawari. Allah ya ji ƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ya ɓoye mana, ya tashe shi a kan ƙafa biyu lafiyayyu. Mu kuma in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani.

Jiya da hantsi, masu gaisuwa sun ja baya, ina zaune a zaure ni kaɗai ina naɗe tabarmi, sai Auta ta leƙo. Inna tana ɗaki tana takaba, tun rasuwar ba ta ce min komai ba sai sannu da haƙuri, shi ma ƙofa take kallo.

"Yaya, Inna ta ce ka kunna mata abin, ka fita."

Na ɗauki kwamfutar na shiga, na ɗora ta a kan kujerar tsugunno a gabanta. Ta ja mayafi ta juya min gefen fuska. Na nuna wa Auta inda ake dannawa da inda ake mayarwa baya, na fito na koma zaure. Katangar tamu ta ƙasa ce, ba ta tare sauti. Ina jin fasa goro, ina jin dariyar Baba tana cika gidan, har awakin suka ɗaga kai. Ina jin labarin ragon, da mai ɗori, da amalanke. Daga ɗakin ba tari ba motsi. Aka zo wurin da Baffa yake tsokanarsa, aka yi shirun nan, ya faɗi sunan. Sai sautin ya tsaya.

Na ɗauka ta ƙoshi ne. Na miƙe zan je in ɗauko kayana, sai na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa tana yi wa Auta magana. Aka mayar baya kaɗan. Kaza ta sake kuka, shirun ya sake zuwa. Ina tsaye da tabarma a hannu, aka kira ni daga cikin gida da muryar Baba.

Na san daga inda muryar take fitowa, ni na maƙala makirfon da hannuna. Amma bakina ya riga ni.

"Na'am, Baba," na ce.